Matar Da Ta Riƙe Gida Da Zane

Kwanan baya wata uwa ta zo makarantarmu da littafin lissafin 'yarta a hannu, ranta a ɓace. Ta buɗe mini shafin ƙarshe, sai ga hoton akuya da 'ya'yanta biyu, an zana da fensir, kai ka ce za su yi kuka. Ta ce, "Malama, dubi shiriritar da yarinyar nan ta ke yi, ki hore mini ita." Na ba ta haƙuri, na ba ta labarin wata mata. Shi ne zan maimaita muku yau.

Sunanta Tasha Tudor. An haife ta a birnin Boston na ƙasar Amurka cikin shekarar 1915. Uwarta ma mai zanen hotunan mutane ce, saboda haka babu wanda ya ƙwace mata fensir tana ƙarama. Sana'ar da ta ɗauka ita ce zana hotunan da a ke sawa cikin littattafan yara, watau irin waɗanda ku ke gani a littafin karatu na aji ɗaya.

Littafinta na fari labarin wata yarinya ne da wata ƙatuwar kabewa. Ta kai wa masu buga littattafai da dama, suka ƙi karɓa. Ba ta yi zuciya ba, ta yi ta kaiwa har aka buga shi cikin 1938. Daga nan har ƙarshen ranta ta yi wa littattafai kusan 100 hotuna, kuma sau biyu, cikin 1945 da 1957, aikinta ya sami yabo a gasar Caldecott, wadda ita ce babbar gasar hotunan littattafan yara a ƙasarsu.

To, kada ku zaci 'yar hutu ce. 'Ya'ya huɗu ta haifa. Ta yi shekaru tana renonsu a wani tsohon gidan gona inda babu lantarki, babu famfo, sai a ɗebo ruwa a bokiti. Daga baya aurenta ya mutu. Kuɗin zanen nan da shi ta ci da gida, da shi ta tufasar da yara. Da wani littafinta na 1971 ya yi kasuwa, sai ta sayi fili a jihar Vermont, ɗanta ya gina mata gidan katako da kayan aikin hannu.

Ga yadda ta ke zaune a gidan. Da safe ta tatsi awakinta, ta ba kaji tsaba, ta shiga lambu, yawanci ba takalmi. Tana kaɗi, tana saƙa, tana ɗinka tufafinta irin na mutanen dā, tana kuma yin kyandir da kakin zuma. Ba ta da wani babban ɗakin aiki. Ɗan tebur ne a lungu kusa da taga, da fensir, da burushi, da launin da a ke jiƙawa da ruwa. Can ƙasar in sanyi ya shigo dusar ƙanƙara kan rufe lambu wata da watanni, lokacin nan ne ta fi samun sukunin zane.

Abin da na ke so ku lura da shi musamman shi ne wannan: ba ta je nesa neman abin zanawa ba. Yaran da ke cikin hotunanta 'ya'yanta ne da jikokinta. Dabbobin nata ne. Butar shayi, da kwando, da murhu, duk na ɗakinta ne. Tana ajiye abu a gabanta ta dube shi da kyau tukuna, kāna ta sa fensir a takarda. Don haka ne hotunanta su ke da rai.

Wajen girki ma haka. A murhun ƙarfe mai itace ta ke dafuwa. Nonon awakin nan ba ta bar shi ya lalace ba, ta riƙa yin cuku da shi, har da askirim. Tuffar lambunta kuwa a matse ta a sha ruwan. Yawancin dabarun girkinta gadonsu ta yi daga iyaye da kakanni, ta yi ta gwadawa tana gyarawa. Cikin 1993 ta tattara su a littafi guda, ta ƙawata shi da zanen hannunta. Ta rasu cikin 2008 tana da shekara 92, ba ta bar zane ba sai da ta haura tamanin.

Ku iyaye mata, in kun ga yarinya da hannun zane, kada ku kashe mata gwiwa. Ku saya mata fensir da littafi dabam don ta bar na lissafi ya huta, ku yanka mata lokaci bayan ta gama aikin gida da na makaranta.

Ku kuma 'yammata, ku fara da abin da ke tsakar gida: ƙwarya, ludayi, turmi, kaza da 'yan tsakinta. Ku dube shi sosai kafin ku zana. Minti 15 kullum ya isa, ku rubuta kwanan wata a ƙasan kowane hoto, bayan wata uku ku gwada na fari da na ƙarshe. Sa'an nan ku zauna kusa da Inna ko Kaka in tana girki, ku rubuta yadda ta ke haɗa miyar taushe ko alkaki, da awon kowane abu, ku zana kayan haɗin a gefe. Abin da aka bari a ka yakan tafi da mai shi.

Uwar nan da na faɗa muku ta koma gida da littafin, ba a taɓa yarinya ba. Jiya ma ta aiko mini da hoton turmi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.