Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Kafin Ka Kawo 'Yan Kwikwiyo Biyu Gida

A birnin Kano, Bata wuri ne da Fagge da Sabon Gari suke gogayyar kafaɗa. Daga nan ake faɗawa Kasuwar Sabon Gari, daga nan ake nufar Singa da Kantin Kwari, dukiya jibge a rumfuna da sito-sito. Inda kuwa dukiya ta taru, maganar gadi ba ta ƙarewa. A Sabon Gari, unguwar da ta kafu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ajiye kare a gida ba baƙon abu ba ne. A Fagge, inda akasarin mazauna Hausawa Musulmi ne, ana ɗari-ɗari da shi, amma mai sito ko gareji ko gidan gona yakan nemi na gadi.

To, duk wanda ya je ɗauko kwikwiyo, akwai tayin da zai yi wuya bai ji shi ba. Mai sayarwa zai ce: "Alhaji, haɗa biyun mana, zan yi maka ragi. Raba su ma ai abin tausayi ne." Idan kyauta ce daga maƙwabcin da karyarsa ta haifi bakwai, shi ma neman kai yake yi da su, zai ce ka ƙara ɗaya. Ɗan kasuwar da ke fita da hantsi, ba ya dawowa sai bayan Magariba, sai ya ga shawarar ta yi daidai: za su ɗebe wa juna kewa, ga kuma gadi ninki biyu. A nan ne yawancin mutane suke yin tuntuɓe.

Wa kwikwiyon zai shaƙu da shi?

Amfanin kare gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu guda, wato ya san ubangidansa, ya ji maganarsa. Karen da za ka kira ya zo, ka tsawata masa ya bari, shi ne karen gadi. Wanda ba ya jin kira kuwa barazana ce ga ɓarawo da baƙo da ɗan maƙwabci baki ɗaya.

Wannan shaƙuwa tana da lokacinta. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin ɗabi'ar karnuka a garin Bar Harbor, suka wallafa sakamakon a 1965. Sun gano cewa daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 da haihuwa ne kwikwiyo yake koyon wanda zai amince da shi da abin da zai ji tsoro. Abin da ya saba da shi a waɗannan makonni shi zai bi shi har tsufa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan kwikwiyo ɗaya ne a gida, ba shi da abokin hulɗa sai mutanen gidan, dole ya karkata gare su. Idan biyu ne sa'o'in juna, kowanne ya riga ya sami wanda ya fi ka fahimtarsa, wanda suke kwana tare, suke wuni suna kokawa. Kai da kake dawowa da dare a gajiye, ka zama mai kawo abinci kawai. Gwada kiran ɗaya daga cikinsu da sunansa ka gani: kafin ya dube ka, sai ya waiwayi ɗan'uwansa. In wancan ya taso, ya biyo shi. In ya ci gaba da tonon ƙasa, kiranka ya tafi a banza. Masu horar da karnuka a ƙasashe da dama sun daɗe da lura da haka, shi ya sa cibiyoyin da ke tanadar karnukan yi wa makafi jagora suke raba 'yan ciki ɗaya, kowane gida a ba shi guda ya raina.

Wata alamar kuma tana bayyana ranar da aka raba su. Ɗauki ɗaya ka kai shi wurin likita, na gida zai kama kuka da kartar ƙofa, ya ƙi cin abinci, wanda ka tafi da shi kuma ya yi ta karkarwa a hanya. Sau da yawa ɗayan yakan zama mai ƙarfin hali, ɗayan ya laɓe a bayansa, ya tashi matsoraci. Kare matsoraci kuwa ya fi saurin kai cizo.

Wani zai ce ai 'yan farauta suna riƙe karnuka biyar ko goma, kuma suna jin magana. Gaskiya ne, amma dubi yadda suke yi. Mafarauci yana wuni da karnukansa, yana fita da su daji, ya san halin kowanne. Ƙaramin kare yana tasowa ne a bayan manya da suka riga suka horu, yana kwaikwayonsu. Wannan daban yake da jarirai biyu da aka kulle a bayan gida, babu babba a cikinsu, babu mai koya musu komai.

Kwano ɗaya, baki biyu

Zuba musu abinci a kwano ɗaya ka koma gefe. Mai ƙarfin zai sa ƙafarsa ta gaba a cikin kwanon, ya sunkuyar da kai yana gurnani ƙasa-ƙasa, ɗayan ya ja baya yana lasar baki, yana jiran abin da zai rage. Bayan 'yan makonni za ka ga ɗaya ya yi ɓul-ɓul, ɗaya kana ƙirga haƙarƙarinsa. Tun suna ƙanana abin yana kama da wasa. Idan suka balaga, tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, yakan rikiɗe ya zama faɗa na zubar da jini, musamman in jinsinsu ɗaya. Masu kiwo sun san faɗan karya da karya ya fi muni.

In kuma mace da namiji ne, wata matsalar ce. Karya tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata 6 zuwa 12, cikin kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Kare bai san 'yar'uwa ba. Kafin ka ankara gidan ya cika da 'yan kwikwiyo, kai ma ka shiga neman wanda zai haɗa biyu. Maganin wannan shi ne likitan dabbobi ya yi wa namijin dandaƙa ko ya cire wa macen mahaifa, kuma kuɗi ne.

Lissafin aljihu da na lafiya

Kwikwiyo yana cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, kuma ƙanzo da ragowar tuwo ba sa gina shi. Yana buƙatar nama ko kifi ko ƙwai, shi ya sa masu kiwo suke zuwa Abbatuwa neman tarkacen nama. Miyar da ta sha albasa tana lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza yana iya tsaga masa hanji. Ga maganin tsutsar ciki a kai a kai, ga yaƙi da kaska da ƙuma, musamman da damina.

Sai allurai. Ana fara rigakafin cututtukan ƙuruciya yana da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har ya kai mako 16. Mafi haɗari a cikinsu ita ce fabo, cutar amai da gudawa mai jini da ta ɓulla a duniya a 1978. Ƙwayarta tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba, kuma in ta kama ɗaya, da wuya ɗan'uwansa ya tsira, sai ka wayi gari da jinya biyu a lokaci guda.

Babbar magana ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira. Ana yi wa kwikwiyo allurarsa yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. A lungunan Fagge da gidajen haya na Sabon Gari, inda tsakar gida ɗaya take ɗauke da iyalai da yawa, yara suna kai-komo, wannan allura haƙƙin maƙwabta ce a wuyan mai kare. In aka yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga yadda karen zai yi.

Daga ina za a samo shi?

A Turai mai neman kare yana da zaɓi biyu: masu kiwo don sayarwa, ko gidajen tattara karnukan da aka yasar, irin na Battersea a Landan da aka kafa tun 1860. A wajenmu abin da ya yi kama da na biyun shi ne kwikwiyon kyauta daga maƙwabci ko wanda aka tsinta. Masu sayarwa kuma yanzu a Facebook da WhatsApp suke talla, da hotunan karen 'yan sanda na Jamus, da Rottweiler, da Boerboel na Afirka ta Kudu, da Caucasian mai tulin gashi.

Kada hoto ya ruɗe ka. Je ka ga uwar da idonka, domin halinta da lafiyarta su ne madubin 'ya'yanta. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: ja-ja ake so, fari alamar ƙarancin jini ce. Leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska take ɓuya. Ciki ƙato a kan siraran ƙafafu tsutsa ce. Nemi katin allura mai ɗauke da sa hannu da hatimin likita. Ka kuma tuna da zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura 40. Kare mai gashin ƙasar ƙanƙara yana shan azaba a bayan gida mai rufin kwano. Karenmu na gida ya fi jure zafi da wahala, kuma in ya sami horo yana gadi yadda ake so. Mai sayarwar da ya san sana'arsa, in ka ce biyu kake so, zai tambaye ka wa zai kula da su. Wanda ya yi saurin yi maka ragi, kuɗinka kawai yake hange.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Hadisai ingantattu sun yi izinin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun kuma nuna raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba tare da irin wannan dalili ba. Malamai da dama sun shigar da gadin gida a cikin izinin, har an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Game da cinikinsa, sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne hani, amma wani malaminta, Sahnun, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Wannan sai mutum ya tuntuɓi malaminsa. Ma'aunin dai buƙata ce. In ɗaya ya wadatar, na biyun fa?

In an riga an kawo su

Ba a ce abin ba ya yiwuwa ba, aiki ne dai ninki uku: lokacin wannan, lokacin wancan, da lokacinsu tare. Kowanne da kwanonsa, da makwancinsa, nesa da ɗan'uwansa. A koya wa kowanne sunansa da zama da zuwa shi kaɗai, minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana. Bayan allurai sun kammala, a fita da su ɗai-ɗai a igiya, kowanne ya saba da ƙarar adaidaita sahu da janareta da 'yan dako masu tura kura, ba tare da ya laɓe a bayan wani ba. A gida mai mutane da yawa, a ɗora wa mutum biyu nauyin, kowa da nasa. In aka ga faɗa ya fara kai wa ga rauni, ko ɗaya yana ramewa, a ba da guda ga wanda zai riƙe shi da amana. Sakinsa a titi zalunci ne a kansa da kuma kan jama'a.

Wanda bai kawo ba tukuna, hanya mafi sauƙi a buɗe take. Ɗauki ɗaya, ka yi masa allurai, ka hore shi, ka bar shi ya shekara ko fiye. In har lokacin kana da buƙata da hali, ka kawo ƙarami, babban zai taya ka koya masa. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, saboda haka jinkirin shekara guda ba asara ba ce. Kafin ka amsa tayin haɗa biyu, ƙirga awannin da kake yi a gida ido biyu, ka raba su gida uku. In abin da ya rage wa kowanne bai taka kara ya karya ba, ka ce wa mai sayarwa ɗaya ya isa.