Minti uku da suka kusa hana ni rajista: Yadda ake ɗumama injin dizal mai turbo da yadda ake barin sa ya huce

A hutun ƙarshen zango na bara na bi kawuna a matsayin yaron mota. Da motarsa mai injin dizal yake jigilar kayan abinci, kuma daga abin da take samowa ake biya mini kuɗin makaranta. Wata rana mun taso daga Akwanga da lodin doya, muka hau Hawan Kibo motar tana nishi. Muna gama hawa Kawu ya hango mai shayi, ya ratse gefen titi, ya taka totur sau biyu kamar yadda ya saba, ya murɗa makulli ya kashe.

"Sauko mu jiƙa maƙoshi, ɗana," in ji shi.

Bayan 'yan makonni motar ta fara wani irin fito, salansa yana fitar da shuɗin hayaƙi, ga shan baƙin mai kamar rariya. A gareji bakanike ya kwance turbo ya miƙo mini. Cikinsa ya yi baƙin dasƙare kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a kan wuta. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Kullum kana kashe ta da zafinta." Kuɗin rajistata aka sa aka sayi wani turbon, sai a makon ƙarshe na samu na biya. Tun daga nan na ɗaura ɗamarar fahimtar wannan ɗan ƙarfe.

Mene ne turbo?

Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, ba ya amfani da tartsatsin fulogi kamar injin fetur. Matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Yawan iskar da ta shiga, yawan man da zai iya ƙonawa, yawan ƙarfin da zai bayar.

A 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar amfani da hayaƙin da injin ke zubarwa don cusa masa ƙarin iska. Turbo ke nan: farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi yana juya ta farko, ta biyun kuma tana zuƙo iska tana tura ta cikin injin. Sandar kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, ƙananan turbo ma har ninkin haka. Idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu, zafin hayaƙin kan haura digiri 600 a ma'aunin Salsiyos. Abin da ke tsakanin wannan sanda da ƙarfen da ke riƙe da ita kuwa, siririn baƙin mai ne kawai, wanda famfon injin ke turowa. Shi ne ke hana guga, shi ne kuma ke kwashe zafi.

Da safe: a bi sannu

Idan mota ta kwana, yawancin baƙin mai ya gangara ƙasan injin, kuma sanyi ya sa ya yi kauri, musamman a asubar hunturu a wurare irin su Jos. Don haka:

Ka murɗa makulli mataki ɗaya, ka jira fitilar hita, mai kama da murɗaɗɗiyar waya, ta mutu kafin ka tayar.

Da ta tashi, kada ka taka totur. Bar ta a silo na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ko biyu, fitilar mai ta mutu, mai ya isa turbo.

Sannan ka ja a hankali, kana canja giya da wuri, har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa. Ko ta kai, ka ƙara 'yan mintuna kafin ka buɗe mata wuta, domin ruwan lagireto yana riga baƙin mai ɗumi.

Ga wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya: a tayar da mota a tafi wanka da karin kumallo, a bar ta tana silo rabin awa. Injin dizal ba ya saurin ɗumi in ba ya aiki. Man ba ya ƙonewa sosai, baƙin toka na taruwa, wani man ma ya sulale ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Ga asarar man gas a wannan tsadar. Tafiya a hankali ita ce ɗumamawa ta gaskiya. Haka kuma cire tamostat da wasu gareji ke yi wai don maganin zafi, yana sa injin ya daɗe bai kai ɗumin da aka tsara masa ba.

Da an iso: a bar ta ta huce

Nan ne Kawu ya faɗa. Da ka kashe injin, famfon mai ya tsaya nan take, amma zafin da ke jikin turbo bai je ko'ina ba. Sai ya bi sandar ya tarar da ɗan man da ya rage, ya soya shi ya zama gawayi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanyar mai ta toshe, boris ya cinye. Taka totur kafin kashewa kuwa ƙari ne a kan ƙari, domin ka ƙara wa farfelar gudu daidai lokacin da za ka yanke mata mai.

Maganin ba ya cin ko sisi. Bayan doguwar tafiya, ko hawan tudu, ko jan kaya mai nauyi, ka bar ta a silo minti biyu zuwa uku, babbar mota ma har biyar. Wanda ya fi wannan shi ne ka sassauta ƙafa a kilomitocin ƙarshe kafin ka isa. Idan kuwa yawon cikin gari ka yi a hankali, daƙiƙa 30 sun isa. Sababbin motoci da yawa suna da turbo mai sanyaya da ruwa, wanda ya rage haɗarin, amma littafin motar shi ne alƙali.

Ba direbobi kaɗai ba

Ɗan'uwa ɗalibi, ko ba ka da mota, wataƙila kai ake aika ka kashe janaretan gida ko na shago. Babban janareta mai dizal shi ma yakan zo da turbo. Idan an kawo wuta, a fara sauke masa lodi, a bar shi ya yi 'yan mintuna babu kaya, sannan a kashe. A riƙa canja baƙin mai a kan lokaci, a kuma duba filtar iska, domin ƙurar hunturu tana cinye bakin farfela kamar yashi.

Yanzu idan muka tsaya wajen mai shayi, Kawu yakan zauna a kujerarsa injin na silo, ya ce in sauka in ba da odar shayi da burodi. Kafin a gama haɗawa, mota ta huce. Rigakafi dai ya fi magani, kuma bana na yi rajista tun makon farko.