Bakaniken da Ya Zama Likita

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta shi a hankali)

MAI GABATARWA: Yau za mu taɓo wani buri ne da mutane da yawa suka binne a zuciya tun suna 'yan makaranta, wato burin zama likita. Wani talauci ne ya tare masa hanya, wata aure da raino ne suka sha gabanta, wani kuma jarrabawa ce ta ƙi shi har sau uku, ya haƙura ya kama wata sana'a. To idan mutum ya kai shekara 35 ko 40, ga aiki ga iyali, sai wannan buri ya sake motsawa a ransa, shin ƙofa tana nan a buɗe, ko kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe? Ku gyara zama, za mu fara da labarin wani bakanike.

(Kiɗa kaɗan)

Sunansa Carl Allamby, baƙar fata ne, ya tashi a unguwar talakawa a gabashin birnin Kilibilan da ke jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Yana da shekara 19 ya buɗe garejinsa na gyaran mota, ya kuma shafe wajen shekara 25 hannunsa cikin baƙin mai, yana kwance inji yana ɗaurawa. Da garejin ya bunƙasa, sai ya ga ya kamata ya san yadda ake tafiyar da kasuwanci a ilimance. A shekarar 2006 ya shiga wata kwaleji yana karatun digiri a fannin kasuwanci, da rana yana gareji, da dare yana aji.

Cikin darussan da aka wajabta masa akwai ilimin halittu. Darasin da ya ɗauka don cika sharaɗi kawai, shi ne ya tono masa burin da ya binne tun yana yaro. Daga nan ya koma ya bi darussan kimiyya ɗaya bayan ɗaya, domin a Amurka sai mutum ya gama digiri na farko, ya ci wata jarrabawa ta musamman, kafin a ɗauke shi makarantar likitanci ta shekara 4. A shekarar 2015 ya samu gurbi, a 2019 ya kammala yana da shekara 47. Bai tsaya nan ba, ya ƙara shekara 3 yana samun horo a fannin agajin gaggawa, har ya zama cikakken likita mai cin gashin kansa a 2022, yana da shekara 51.

Ku lissafa da kanku, masu sauraro. Daga 2006 zuwa 2022 shekara 16 ke nan. Mutum ne mai mata da 'ya'ya, wanda ya rabu da garejin da ya gina da guminsa, ya koma zama a aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa.

Akwai ma wanda ya fi shi shekaru. A jihar Odisha ta ƙasar Indiya, wani tsohon ma'aikacin banki mai suna Jay Kishore Pradhan ya zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci ta ƙasa a shekarar 2020, bayan ya yi ritaya, ya ci, aka ba shi gurbi yana da shekara 64.

(Kiɗa kaɗan)

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne. Sai dai mai gemu yana da cefane a wuyansa, yana da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Saboda haka bari mu dawo gida Najeriya mu dubi hanyar yadda take, ba tare da mun shafa mata zuma ba.

Karatun likita a jami'o'inmu shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, inda zai rubuta Turanci da ilimin halittu da kemistiri da fiziks. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fannin kimiyya mai alaƙa da lafiya, kuma sakamakonsa ya yi kyau sosai, yana iya neman shiga kai tsaye a aji na biyu, sai ya rage masa shekara 5. Kowace jami'a da nata sharuɗɗan, don haka wajibi ne mutum ya bincika da kansa, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Maiduguri. Wanda kuwa ya karanta shari'a ko lissafin kuɗi ko aikin jarida, kuma ba shi da darussan kimiyya a takardarsa ta sakandare, dole ya koma ya rubuta WAEC ko NECO ya cike giɓin, sannan ya bi layi tare da yara 'yan shekara 17.

Guraben ma a ƙidaye suke. Hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta na koyarwa. Shi ya sa ake turereniya a bakin wannan ƙofa fiye da kusan kowace ƙofa a jami'a.

In an samu shiga, sai a tarar da babban dutse, wato jarrabawar da ake yi bayan an karanci sassan jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran da ke cikin jiki. A nan ne ake tace ɗalibai, wanda ya kasa tsallakewa bayan damar da aka ba shi sai a sallame shi. Wanda ya haye, shi ne zai wuce asibitin koyarwa, ya shiga zagayen duba marasa lafiya, da kwanan asibiti, da tsayuwar sa'o'i a ɗakin tiyata. Karatu ne da ba a yin sa a ƙarshen mako ko ta wayar salula, yana son mutum ɗungurungum. Ga kuma yajin aiki: na malaman jami'a a shekarar 2022 kaɗai ya ci wata 8.

Bayan an kammala akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba mutum cikakkiyar rajista. Sauƙi ɗaya da babba yake samu shi ne, wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala ba a tilasta masa bautar ƙasa. Ke nan wanda ya shiga aji na biyu yana da shekara 35, idan komai ya tafi daidai, zai riƙe lasisinsa yana da kimanin 41. In Allah ya ba shi rai da lafiya, yana da shekara 20 ko fiye na duba marasa lafiya. Shekara 20, jama'a, dubban rayuka ke nan.

(Kiɗa kaɗan)

To me babba yake zuwa da shi wanda yaro bai da shi? Ku tuna yadda bakanike yake aiki. Mai mota zai zo ya ce tana wani ƙara in an taka burki, ko tana cijewa da safe. Bakaniken kirki ba ya rarumar sufana nan take. Sai ya yi tambaya, ya kasa kunne, ya gano inda ciwon yake, sannan ya yi wa mai motar bayani da harshen da zai gane, har ya gaya masa gaskiyar abin da gyaran zai ci. Rabin aikin likita ke nan: sauraro, da bin diddigi, da iya faɗar magana mai ɗaci cikin tausasawa.

Malamin makarantar da ya shekara 10 a gaban allo ya san yadda ake fahimtar da mutum. Nas ko ungozomar da ta karɓi haihuwa ba adadi ta san fuskar mace idan jini ya fara ƙwace mata. Uwar da ta taɓa kwana a kan benci tana jinyar ɗanta, ko magidancin da ya taɓa riƙe takardar magani aljihunsa babu ko sisi, idan suka zama likitoci ba sai an koya musu tausayi daga littafi ba. A yankinmu kuma, inda mata da yawa suka fi sakin jiki su faɗi damuwarsu a gaban 'yar'uwarsu mace, kowace uwa da ta koma aji ta fito likita, alheri ce ga gari guda.

Amma akwai abin da babba zai ajiye a bakin ƙofa, shi ne girman kai. Wanda ake ce wa ranka ya daɗe a ofis zai koma ana aikensa ɗauko sakamakon gwajin jini. Likitar da za ta gyara masa kuskure a gaban majiyyaci, wataƙila ya girme ta da shekara 10. Haddar da yaro zai yi a dare ɗaya, shi sai ya maimaita sau uku. Wanda bai shirya wa wannan ba, tun yanzu ya sake shawara.

Saboda haka, ya kai mai wannan buri, kafin ka ajiye aiki ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafi a fili: wa zai riƙe gida na shekara 5 ko 6? Ke ma 'yar'uwa, ki zauna da maigida da iyaye, a san wa zai kama miki yara ranar da za ki kwana a asibiti. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka fara neman hutun ƙaro ilimi kafin ka yi maganar murabus. Ka je ka samu likitoci su ba ka labarin aikin, daɗinsa da wuyarsa. Sannan ka gwada kanka da littafin kemistiri na wata 6, ka ga ko zuciyar tana nan a kan bakanta. In ka yi istihara ka ji hankalinka ya kwanta, to ka sa kai.

Mu kuma 'yan'uwa da abokan arziki, kalmar "ina kai ina boko da furfura" ta kashe buri mai yawa a garuruwanmu. Muna kukan likitocinmu suna ficewa ƙasashen waje, muna kukan layi a asibiti tun asuba har azahar. Idan wani daga cikinmu ya ce zai sadaukar da shekarun ƙarfinsa don ya rage wannan layi, abin da ya cancanta daga gare mu shi ne addu'a, da kwanon abinci ga iyalinsa, da kai yaransa makaranta ranar da yake jarrabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wataƙila wata rana shi ne zai tsaya a kan gadonmu da tsakar dare.

(Kiɗan rufe shiri ya fara tashi)

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a karatun masu karatu, yaro da babba. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.