Me ya sa "will" ba ta bin "when"? Amsar tana cikin Hausar ɗan Obalende

Yaron da ya tashi a Obalende harsuna huɗu yake juyawa a rana guda: Hausa a gida, Yarbanci da maƙwabta, buroka a tashar danfo ta ƙarƙashin gada, Turanci a aji. Hausawan Legas sun daɗe da wannan, tun zamanin da wani Bature mai suna Glover ya fara ɗaukar su aikin soja a 1863, da zamanin da fataken goro suka kafa zango a Agege. Sai dai a cikin huɗun, Turanci ne ke tare hanyar jami'a, domin wanda bai ci shi a WAEC ko NECO ba da wuya ya wuce.

Akwai wani wuri da yaranmu ke yawan tuntuɓe, wato inda mutum zai faɗi halin da zai kasance a ciki nan gaba. Yaro zai rubuta "When I will grow up, I will be a doctor", malami ya ja jan biro a kan "will" ta farko, ya wuce. Daidai ɗin shi ne "When I grow up, I will be a doctor". Jimlar tana da ganga biyu. Tsayayyen ganga shi ke ɗaukar "will". Wanda ya dogara da shi, mai farawa da mahaɗi irin su "when", "if", "until", "before", "after", "unless" da "as soon as", yana zama a sigar lokacin yanzu, ko da maganar ta shekara ashirin ce masu zuwa.

Abin da ke damuna shi ne ana sa yara haddace wannan kamar baƙon abu, alhali sun san shi tun suna goye. Wane Bahaushe ne zai ce "idan zan girma zan zama likita"? Cewa muke "idan na girma". Mukan ce "da zarar na isa Oshodi zan kira ka", "ba zan tafi ba har sai ka warke". Babu "za" bayan mahaɗin ko sau ɗaya. Mu shuɗaɗɗen lokaci muke sawa, domin muna hango abin kamar ya riga ya kammala kafin na biyun ya faru. Turanci ma yana da irin wannan: "When I have finished" daidai take da "idan na gama". Har buroka ba ta saɓa ba, don direban danfo cewa yake "When I reach, I go call you".

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne ranar da suka ga "I don't know when he will come" a littafi. Ga "when", ga "will", kuma ba kuskure. Dalili shi ne a nan gangan ba lokacin aukuwar wani abu yake tsayarwa ba, shi kansa ne abin da ba a sani ba. A mayar da ita Hausa a gani: "Ban san lokacin da zai zo ba." Ga "zai" ta fito. Haka "I don't know if she will agree" take komawa "ban san ko za ta yarda ba". Ko "If you will wait a little", da ake faɗa don ladabi, mu ma cewa muke "idan za ka ɗan jira". Ma'auni ke nan da malaman darasin yamma a Agege da Obalende za su iya ba yara cikin minti biyar: faɗi jimlar da Hausa a zuci, idan "za" ta bi mahaɗin, galibi "will" na da wurin zama, idan ba ta bi ba, cire ta. Hana yaro tunani da harshensa a aji, a ganina, ƙwace masa fitila ne a ce ya nemo hanya.

Wuri ɗaya ne Hausa ba za ta yi mana jagora ba. "Idan" tamu tana ɗaukar abin da ake da tabbacin zuwansa da wanda ake shakka. Turanci ya raba su: "when" ta abin da ake sa ran lallai zai zo ce, "if" ta mai yiwuwa ce. Mu tabbaci da shakka duk mukan miƙa su ga "in Allah ya yarda", shi ya sa ba mu cika jin bambancin ba. Amma wanda ya je dubiya asibiti ya ce wa abokin aikinsa "If you get well, we will travel", da nufin "idan ka warke", ya gaya masa cewa warkewar tasa ba tabbas. Abin da ya yi niyyar faɗa shi ne "When you get well". Haka mai neman aiki da ya rubuta wa kamfani "When you employ me" ya yanke wa masu ɗauka hukunci tun ba su kira shi ganawa ba.