Gada ko rauta: yadda ƙofofin Ethernet na cikin manhaja ke tura saƙo

In kun duba bayan rautar da ke ofis ko shagon intanet, za ku ga ramuka huɗu ko biyar inda ake cusa wayar Ethernet. Waɗannan su ne ƙofofin da ido ke gani. Amma a cikin na'urar akwai wasu ƙofofin da ba su da rami, ba su da waya. Manhaja ce ta ƙirƙire su, kuma na'urar na mu'amala da su tamkar na gaske: ana ba su adireshi, ana buɗe su ana rufe su, saƙo na shiga yana fita. Huawei na kiran nasa VE, Cisco na da BVI, Juniper na da irb, a Linux kuwa veth ake cewa. Ayyukansu ba ɗaya ba ne sak, amma duk mai saita su tambaya ɗaya zai fara amsawa: in saƙo ya iso wannan ƙofa, da wace ƙa'ida za a tura shi gaba?

Duk abin da kuka aika ta intanet, hoto ne ko murya, sai an yayyanka shi ƙananan ƙunshi, kowane yawanci bai wuce bayit 1500 ba a kan Ethernet. Kowane ƙunshi kuma yana tafe da adireshi iri biyu. Akwai na MAC mai bit 48, wanda ya zo tare da Ethernet, fasahar da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka fara a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya a 1973. Akwai kuma na IP, wanda a tsarin IPv4 na 1981 yake da bit 32. Na MAC aikinsa na kusa ne, tsakanin na'urorin da ke layi ɗaya. Na IP shi ne na tafiya mai nisa. Yanayin da aka saka ƙofa shi ke nuna wanne daga cikin biyun za ta karanta.

A yanayin gada, wanda ma'aikatan fannin ke kira mataki na biyu, ƙofar ba ruwanta da IP. Tana lura da adireshin MAC na duk wanda ya yi magana ta wajenta, ta rubuta a jadawali, in saƙonsa ya zo ta miƙa masa. In ba ta san mai adireshin ba, sai ta watsa ƙunshin ga sauran ƙofofin gadar duka. Haka take yi da saƙon shela, irin wanda sabuwar wayar hannu ke yi in tana neman a ba ta adireshi. Kamar gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya: in aka ƙwala kira kowane ɗaki zai ji, da wanda ake nema da wanda ba ruwansa. Daɗin abin, firinta da kwamfuta da talabijin suna ganin juna ba tare da an sha wahalar saiti ba. Illarsa kuma ita ce wannan ganin junan, domin baƙon da ya shigo shi ma yana ganin kowa.

A yanayin rauta, wato mataki na uku, ƙofar tana da nata adireshin IP, kuma ita ce iyakar layin. Ƙunshi in ya iso, sai na'urar ta cire bayanin MAC da ya zo da shi, ta duba inda IP ɗin ya nufa a jadawalin hanyoyi, ta rage ɗaya daga wani adadi da ake kira TTL, ta sa sabon bayanin MAC, ta sallame shi. Shela ba ta tsallake wannan iyaka. Shi ya sa za a raba ofis gida biyu, sai a wayi gari ɓangare ɗaya ya daina ganin firinta, ko wayoyinsa sun kasa samun adireshi. Ba lalacewa aka yi ba, abin da aka saita ne ke aiki. Sai an ba wancan ɓangaren nasa mai raba adireshi, ko an saita rautar ta riƙa isar da buƙatar.

Wancan TTL ɗin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙunshin da ya ɓata tsakanin rautoci, adadinsa na raguwa har ya kai sifiri a yar da shi. Ethernet ba shi da irin wannan. In aka yi kuskure aka haɗa gada biyu ta hanya biyu, saƙon shela zai yi ta zagaye yana ninkuwa har layin ya toshe gaba ɗaya. Radia Perlman ce ta samo maganin wannan a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, da tsarin da ake kira STP, wanda ke rufe hanyar da ta yi yawa; hukumar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990. Da wayar zahiri, ko ba komai mutum zai bi ta da hannu ya gano inda aka yi zoben. Da ƙofar manhaja babu wayar da za a bi, layi ɗaya na saiti ya isa ya jawo masifar. Wanda ya kashe STP a kan gada wai don layi ya yi saurin tashi, ya san abin da ya saya.

A Linux, veth tagwaye ake haifarsu: abin da ya shiga ta ɗaya zai fito ta ɗayar. Da su Docker ke haɗa kwantenoninsa, wato ƙananan manhajojin da aka killace kowace a ɗakinta. Kai ɗaya na cikin kwantenar, ɗayan na maƙale da wata gada mai suna docker0, wadda ta saba ɗaukar adireshin da ya fara da 172.17. Daga nan zuwa waje kuma aikin rauta ne. Linux dai, yadda ya zo, ba ya tura ƙunshin wani zuwa wani, sai an mayar da saitin ip_forward daga 0 zuwa 1. Mutane da yawa kan kwana suna laluben matsala alhali wannan lamba ɗaya ce.

Rautocin MikroTik na ƙasar Latbiya, waɗanda masu sayar da intanet a unguwanni suka sani sarai, su ma sun samu kwantena tun daga 2022, kuma ta veth ake haɗa ta. Nan zaɓin ke fitowa fili. In kun jefa veth ɗin cikin gadar da kwastomomi suke, kwantenar ta zama ɗaya daga cikinsu, kowa na iya taɓa ta. In kun ba ta tata gadar da nata rukunin adireshi, duk mai son isa gare ta sai ya bi ta rauta, inda katangar tsaro za ta tantance shi. A ganina na biyun ya fi, ko da ya ƙara muku layi uku ko huɗu na saiti. Kada kuma a ruɗe ku da zancen cewa gada ta fi sauri. Gaskiya ne a ramukan zahiri, inda wani guntu na musamman ke ɗauke wa na'urar nauyi, amma saƙon veth ta babbar ƙwaƙwalwar rautar yake bi ko ta wane hali.

Akwai wata 'yar'uwar veth mai suna macvlan, wadda ke ba rami ɗaya adireshin MAC da yawa. Ita ma tana da yanayoyinta: a wani ƙofofin na magana da juna kai tsaye, a wani an hana su sam, a wani kuma sai saƙon ya fita zuwa suwic, wato gada ta zahiri da ke waje, ya dawo. Abu biyu ke ba sababbi mamaki game da ita. Uwar na'urar ba ta iya magana da 'ya'yan ta ramin da suka rataya a kai, sannan a kan Wi-Fi yawanci ba ta aiki, domin na'urar da ke watsa Wi-Fi ba ta karɓar MAC barkatai daga abokin hulɗa ɗaya.

BVI da irb kuwa haɗa biyun suke yi: ramuka da yawa su zama gada ɗaya, ƙofar manhajar ta riƙe adireshin IP a madadinsu duka. Ƙa'idar a nan ita ce, da zarar rami ya shiga gada, adireshi na kan gadar ne, ba kan ramin ba.

Sauya yanayin ƙofa yakan katse duk abin da ke bi ta cikinta, har da ku masu saitin in ta nan kuka shigo. Kafin ku taɓa rautar da ke wani gari, ku adana kwafin saitin, ku kunna Safe Mode in MikroTik ce, ko ku yi amfani da commit confirmed in Juniper ce, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 in ba ku tabbatar da sabon ba.