Ba Kowace Ƙara Ake Kaiwa Abuja Ba

Idan iska ta yaye rufin firamaren unguwa, ko asibitin gari ya rasa magani, sai ka ji jama'a suna tsine wa Abuja. Wannan ɗabi'a ta yi wa wasu shugabanni daɗi, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya riga ya raba aiki. Soja, 'yan sanda, kwastam, shige da fice, buga naira, hulɗa da ƙasashen waje, man fetur da ma'adinai, duk Majalisar Tarayya ce kaɗai ke yi musu doka. Shi ya sa kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ƙarƙashin Sufeto Janar, ba gwamna ba. Akwai kuma abubuwan da aka yi tarayya a kansu, kamar jami'o'i da bunƙasa noma, kuma idan dokoki biyu suka yi karo, ta tarayya ce a sama. Abin da ba a lissafa ba, kamar sha'anin masarautu, na jiha ne. Filaye ma, dokar 1978 ta danƙa su a hannun gwamna. Ƙaramar hukuma ke da kasuwa, tashar mota, maƙabarta da kwashe shara, tana kuma da hannu a firamare da ƙananan asibitoci.

A lura, rabon ya sauya. Tun gyaran Maris 2023, jiha na da ikon samar da wutar lantarki da rarraba ta, da shimfiɗa layin dogo, da gina gidan gyaran hali. Gwamnan da ya ce wuta ba huruminsa ba ce, tsohon zance yake yi.

Kuɗi ma rabawa ake yi kowane wata: tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kashi 20.60. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Saboda haka a yi hattara da ɗan takarar majalisar jiha mai alkawarin rage farashin fetur, da ciyaman mai ɗora wa shugaban ƙasa laifin bolar da ta cika kasuwa. Ana wallafa alƙaluman rabon kuɗin nan wata-wata. Ku nemi na jiharku da na ƙaramar hukumarku, ku tambayi kansila da ɗan majalisarku: nawa aka karɓo, me aka yi da shi?