Farin Wata da Duhun Wata: Yadda Suke Shafar Su a Tafkunan Kurfai

Wata yana ɗaukar kwana 29 da rabi daga tsayuwa zuwa tsayuwa, kuma a cikin waɗannan kwanaki hasken dare yana ta sauyawa. Jinjirin wata yana faɗuwa jim kaɗan bayan magariba. A daren sha huɗu yana fitowa da faɗuwar rana ya kwana yana haskawa, daga nan kuma kullum sai ya makara da wajen minti 50, har a shiga duhun ƙarshen wata. Masunta sun daɗe da lura cewa kamu ba ya zama ɗaya a waɗannan darare.

Ta hanya biyu wata yake taɓa ruwa: ja da haske. Jan da yake yi wa teku shi ke sa ruwa ya cika ya janye sau biyu a yini a gaɓar Kwatano ko Legas, kuma kifin can yana bin wannan motsi wajen neman abinci. A ƙasar Kurfai babu wannan. Filinge, garin Kurfai, tana cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwansa ya daina gudana tun zamani mai nisa, kuma kogin Kwara yana can Yamai, tafiyar kilomita kusan 180. Abin da ake da shi shi ne tafkunan da damina ke cikawa tsakanin Yuni da Satumba, wasu su ƙafe kafin bazara, wasu su daɗe. Ko manyan tafkunan Amurka ta Arewa, jan wata bai cika ɗaga ruwansu da santimita biyar ba, balle tafkin da shanu ke ratsawa da ƙafa. Saura haske ke nan.

Haske kuwa kowane kifi da yadda yake ɗaukarsa. Karfasa da ido take kiwo, da rana take ci, dare ya yi ta lafa. Tarwaɗa ta dare ce. Da gashin bakinta take lalube da sansano abinci a ƙasan ruwa, saboda haka duhu bai hana ta komai ba, sai ma ya ba ta damar matsowa bakin gaɓa inda kwaɗi da ƙwari suke. Shi ya sa mai kafa ƙugiyoyi da yamma, ya sa musu tana ko hanjin kaza ya dawo da asuba, ya fi sa rai a duhun wata. Mai raga ma haka: a farin wata, idan ruwa ya kwanta ya yi garau, kifi yana hango zaren ya kauce, yana kuma ganin inuwar mai jefa birgi tun kafin ragar ta buɗe. Giwan ruwa ita ce ta saɓa, domin idonta na gani da ɗan haske kaɗan, farin wata kuma yana tona mata ƙananan kifaye. Amma ita ta kogi ce da manyan ruwaye.

Inda tasirin wata ya fi fitowa fili shi ne wajen masu su da fitila. A tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ana kunna fitilu da dare a tara ƙananan kifayen da ake kira kapenta, sannan a ɗago raga. Idan wata ya cika, hasken fitila ba ya jan su, kamu ya faɗi, har ma ana dakatar da fita a waɗannan kwanaki. Haka abin yake a tafkin Tanganyika. A tafkin Biktoriya kuma masu bincike sun gano tun shekarun 1950 cewa wani ƙwaron ruwa yana fitowa da yawa 'yan kwanaki bayan cikar wata, kifi ya samu abinci a yalwace. Kifin da ya ƙoshi kuwa ba ya kula ƙugiya.

Akwai kuma jadawalin da wani Ba'amurke, John Alden Knight, ya ƙirƙiro a 1926, wanda ke cewa kifi ya fi ci lokacin da wata yake tsaka da kai ko yake ƙarƙashin ƙasa. Har yau ana saka shi a manhajojin waya. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa ba su zo da sakamako ɗaya ba, kuma inda aka ga bambanci yakan zama ƙarami. Mai su a Kurfai ba shi da dalilin barin abin da idonsa ke gani don wannan jadawali.

Dalili shi ne yanayin tafkunan Kurfai kansu. Ruwansu na laka ne, garken shanu da raƙuma suna dama shi safe da yamma, iska ta ƙara. Wanda ya tsoma hannu zuwa gwiwar hannu sau da yawa ba ya ganin yatsunsa. A irin wannan ruwa, hasken wata, wanda ko a daren sha huɗu bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na hasken rana ba, yana ƙarewa a saman ruwa. Kifin da ke ƙasa yana cikin duhu ko wata ya cika ko bai cika ba.

Abubuwan da suka fi wata ƙarfi a nan su ne sanyi da yawan ruwa. A hunturun Disamba da Janairu ruwa yana yin sanyi, karfasa ta rage ci ƙwarai da zarar ya sauka ƙasa da digiri 20, don haka hantsi da azahar sun fi asuba kamu. Da bazara ruwa yana ja da baya, kifi ya taru a wuri kaɗan, iskar da yake shaƙa a ruwa ta yi ƙaranci da asuba, a ga tarwaɗa tana ɗago kai tana haɗiyar iska. Lokacin ne ake kwasar kifi da koma ko da hannu, ba tare da an duba kwanan wata ba. Gaiwa kuwa tana nutsewa cikin taɓo kafin tafki ya ƙafe, ta daina ci gaba ɗaya na tsawon watanni har ruwan farko ya sauka.